Daren da batir ya mutu a tanti

Ƙarfe uku saura na dare na farka ina kokawa da numfashi. Takunkumin yana nan daram a hancina, tiyo ma yana nan, amma iskar da na saba ji tana turowa ta ɗauke ɗif. Ba ka jin komai sai kukan kwaɗi daga bakin tafki. Na laluba na danna maɓallin na'urar da ke taimaka mini numfashi idan ina barci, ko motsi. Na jawo tocila na haska fuskar akwatin batir, na ga sifili. Akwatin da na cika shi fal kafin mu baro gida, wanda na yi ta cika baki a mota cewa zai kai ni kwana uku, ko dare ɗaya bai iya kaiwa ba.

Daga ɗaya gefen tantin ƙanena ya ce, cikin magagin barci, "Yaya, lafiya?"

Na ce, "Batir ne ya mutu."

Ya yi jim, sannan ya ce, "To, nawa barcin ma ya mutu ke nan."

Ya san abin da ke tafe. Ɗaki ɗaya muka tashi, ya san minsharina tun kafin likita ya raɗa wa abin suna.

Shekara huɗu ke nan ina kwana da na'urar CPAP, saboda larurar tsayawar numfashi cikin barci. Ga wanda bai san larurar ba: idan barci ya yi nauyi, naman maƙogwaro yakan saki ya toshe hanyar iska, numfashi ya tsaya na daƙiƙa goma ko fiye, sai ƙwaƙwalwa ta zabura ta ɗan tashe ka, ka ja iska da gurnani, ka koma. Kai ba ka ma san ana yi ba, sai dai ka wayi gari kamar wanda aka yi wa duka. Likitoci suna ƙirga yawan tsayawar a cikin awa guda. Daga 5 zuwa 15 mai sauƙi ne, 15 zuwa 30 matsakaici, abin da ya haura 30 mai tsanani. Ni da aka yi mini gwajin barci 38 aka samu. Na'urar kuwa ba oksijin take bayarwa ba, kamar yadda mutane da yawa ke zato idan sun gan ni da takunkumi. 'Yar fanka ce da ke tura iskar da ke ɗakin ta cikin tiyo, da ƙarfin da zai tokare maƙogwaro kada ya rufe. Ana auna ƙarfin da santimita na ruwa, yawanci tsakanin 4 da 20, nawa yana kan 10. Wani likita a birnin Sidni na Ostireliya, Colin Sullivan, shi ya fara gwada dabarar a 1980, da injin hura iska da 'yan tiyo, aka buga sakamakon a mujallar Lancet a 1981. Har yau ainihin abin bai wuce wannan ba: fanka da tiyo.

Wannan ne ya fi ba ni haushi a daren nan ina kwance ido biyu. Fanka ƙarama irin wannan, ta yaya za ta shanye akwati guda cikin awa biyar?

Da gari ya waye kaina kamar ya tsage, bakina ya bushe ƙamas, ga ƙanena da jajayen idanu yana harara ta. Muka naɗe tanti muka fasa sauran kwana biyun. Shi ya tuƙa mu gida, don ban yarda da kaina a kan sitiyari ba. Duk wanda ya taɓa yin gyangyaɗi a kan titi ya san dalili.

Na yi kwanaki ina zagin akwatin, ina cewa an sayar mini da jabu. Uwargida ce ta ce, "Maigida, kafin ka mayar musu, ka tabbata dai laifinsa ne?" Sai na nemo 'yar mitar nan da ake sokawa tsakanin soket da filogi, mai nuna yawan wutar da abu ya ci. Na kwana da ita dare biyu. Rashin sani ya fi dare duhu, in ji masu iya magana, kuma a nan na gane ni ne na kashe batirin da hannuna.

Dare na farko na bar komai yadda na saba, hitar tankin ruwa a kunne, tiyo mai ɗumi a kunne. Da safe mita ta nuna na ci kusan 280 Wh cikin awa takwas. Dare na biyu na kashe su duka biyun na bar fankar kaɗai. Abin da ta nuna bai kai 75 ba. Na cire tabarau na goge na sake dubawa. Ashe kashi uku cikin huɗu na wutar ba numfashina yake tafiya ba, dafa ruwa yake yi. A ƙarƙashin tankin akwai faranti mai zafi da ke ɗumama ruwa don iskar ta zo da danshi, a jikin tiyo kuma akwai siririyar waya da ke ɗumama shi daga farko har ƙarshe. Duk abin da aikinsa samar da zafi ne, maƙiyin batir ne. Kuma wannan awon a cikin ɗaki na yi shi. A tanti, inda sanyin dare ke ratsa yadi kamar babu shi, hitar ba ta samun hutu ko kaɗan, tana ta fama ta ɗumama ruwan da sanyi ke ƙwace wa zafi.

Wannan Wh ɗin, wato wat-awa, shi ne lambar da ya kamata mutum ya riƙe, sauran duk ado ne. Idan abu yana cin wat 10 kuma ya yi awa 8 yana aiki, ya ci 80 Wh. Idan batir bai rubuta Wh a jikinsa ba, sai ka ninka bolt ɗinsa da Ah ɗinsa, wato amp-awa: mai bolt 12 da 20 Ah yana ɗauke da 240 Wh. Akwatina 300 Wh ne. Da na san wannan lissafin na 'yan firamare, da tun a gida zan gane ko dare ɗaya da ƙyar.

Kada kuma lambar da ke jikin adafta ta ruɗe ka. Nawa an rubuta wat 90. Wannan iyakar abin da zai iya bayarwa ne idan komai ya kunnu lokaci guda, ba abin da na'urar ke ci kullum ba. Na ga masu ninka 90 da 8, su ga 720, su karaya su ce ai su da kwanan daji har abada.

Kuskurena na biyu ya fi na farko ɓoyewa. Akwatin yana da soket irin na bango, ni kuwa da na gan shi sai na soka filogina kamar a gida, hankali kwance. To amma batir wutar DC yake ajiyewa. Kafin ya ba ka wuta irin ta bango sai inbatan da ke cikinsa ya juya ta zuwa AC. Daga nan adaftan na'urar ya karɓa ya sake juya ta zuwa DC, domin ita ma na'urar da DC take aiki. An je an dawo ke nan, kuma a kowace juyawa sai wani abu ya zube ya zama zafi. Taɓa adafta da tsakar dare ka ji ɗuminsa, cajinka ne ke tsiyayewa. Shi kansa inbata, muddin yana kunne, yana cin nasa rabon ko da ba ka jona komai ba. Idan kayan da ka jona mai cin wat ɗari biyu ne, wannan rabon ba ya tada hankali. Amma idan duk abin da kake buƙata wat tara ne, sai ka tarar ɗan aike ya kusa cinye rabin saƙon.

Maganin wannan igiya ce guda ɗaya, wadda ake kira igiyar DC, mai kai irin na soket ɗin sigarin mota. Sai dai a nan a yi hattara, domin na'urorin ba bakinsu ɗaya ba. DreamStation na kamfanin Philips da bolt 12 yake aiki. AirSense 10 na ResMed kuwa bolt 24 yake so, don haka igiyarsa tana zuwa da ɗan akwati a tsakiya mai ɗaga 12 zuwa 24. Juya na'urarka ka karanta abin da aka rubuta a ƙasanta ko a jikin adafta. Ni na nemi igiyar da aka yi musamman don irin tawa. Akwai masu haɗa tasu da kansu, kuma ban ce ba su iya ba, amma waya ɗaya ka juya, ja ya koma wurin baƙi, ka ƙone na'urar da barcinka ya dogara a kanta. Wanda zai jona kai tsaye da kan batir, to lallai ya sa fiyus kusa da kan batirin. Batir mai girma idan wayoyinsa suka haɗu, narkar da su yake yi, kuma yadin tanti ba ya jiran a ce masa kama.

Da igiyar ta iso, na ce wannan karon ba daji zan kai gwaji ba. Na cire filogi daga bango, na jona akwatin, na kashe hita, na kwanta a kan gadona. Wajen ƙarfe biyu sai ga ni na sake farkawa cikin shiru. Raina ya ɓaci. Na duba akwatin, caji yana nan sama da kashi tamanin. To me kuma?

Sai da na nemo 'yar takardar bayanin da na jefa cikin kwali ban karanta ba. Ashe akwatin yana da wata dabara ta tsimi: idan ya ga wutar da ake ja ta yi ƙasa sosai na wasu awanni, sai ya ɗauka an manta shi ne a kunne, ya kashe kansa. Na rage cin wutar har ta kai akwatin bai ma san ina numfashi ba. Danna maɓalli ɗaya na 'yan daƙiƙu ya kashe wannan tsarin. Da a bakin tafki na gano haka, da wata tafiyar ta sake rushewa, kuma da wuya ƙanena ya sake yarda ya bi ni. Yawancin akwatunan suna da irin wannan tsarin, kuma a wasu ba a iya kashe shi, saboda haka tambaya ce da ya kamata a yi kafin a saya.

Bayan wannan na kwana uku a jere a kan akwatin ba tare da na yi masa caji ba. Kowane dare yana cin wajen 80 Wh, har da ɗan abin da ke zubewa a igiya. Safiya ta uku ya rage saura kaɗan. Akwatin nan dai da na kusa mayarwa.

Kashe hita yana da nasa farashin, ba zan ɓoye ba. Hanci yana bushewa, wani lokaci har ya toshe, ka tashi maƙogwaro na kaikayi. Abin da nake yi shi ne in zuba ruwa a tankin amma in bar hitar a kashe. Iskar tana bi ta saman ruwan ta ɗebi ɗan danshi, ba mai yawa ba, amma da babu gara ba daɗi. Akwai kuma wani ɗan abu mai kamar soso da ake sawa tsakanin takunkumi da tiyo, yana kama danshin numfashin da ka fitar ya mayar maka da shi idan ka ja. Ba ya cin wuta ko ɗigo. Ƙananan na'urorin tafiya irin su AirMini da irin wannan dabarar suke aiki, ba su da tankin ruwa sam. Ni na gwada sosan, ya taimaka, sai dai yana ƙara 'yar ƙara a numfashi, kuma ba da kowane takunkumi yake shiga ba. Ruwan gishirin feshin hanci kafin kwanciya ya fi yi mini amfani.

Idan akwai ruwa a tanki, na'urar ta zauna a wuri shimfiɗaɗɗe, kuma ƙasa da kanka. Na taɓa ɗora ta a kan jakar kaya, na juya cikin barci na ja tiyo, ta karkata, ruwan sanyi ya gangaro har hancina. Ban taɓa tashi zaune da sauri irin na ranar ba. Yanzu a kan murfin akwatin roba take kwana, kuma kafin in ɗaga ta da safe sai na zubar da ruwan, kada ya koma cikin injin. Tiyon kuma cikin jakar barci nake cusa shi, ya bi ta gefen ƙirjina. Ɗumin jiki yana hana iskar yin sanyi ƙalau, yana kuma rage raɓar da ke taruwa a ciki tana ɓal-ɓal a kunnen mutum.

Abu ɗaya da ban yarda da shi ba shi ne rage ƙarfin iskar don a tsimi batir. Gaskiya ne mai lamba 16 ya fi mai lamba 8 cin wuta. Amma lambar nan likita ne ya sa ta bayan gwaji, kuma idan ka sauke ta ƙasa da abin da ke buɗe maƙogwaronka, to ka kwana da takunkumi ne a banza. Wurin da za a iya tsimi ba tare da asara ba shi ne yoyon iska. Idan takunkumi bai zauna daidai ba, iska tana tserewa ta gefe, injin kuma yana ƙara gudu don ya cike gurbin. Na lura daren da na bar gemu ya yi tsawo, ko robar takunkumin ta tsufa, akwatin ya fi saurin sauka.

Mutane suna yawan kawo mini shawarar fawa bank. Ƙanena ma a daren nan ya miƙo nasa, ya ce, "Yaya, dubu ashirin ne fa." Lambar tana da girma a ido, 20,000 mAh, wato 20 Ah. Sai dai ana ƙirga ta ne a kan bolt 3.7 na ƙwayar batirin da ke ciki, idan ka ninka 74 Wh ne kacal, kafin a cire asara. Ga shi kuma bakinsa na cajin waya ne, ba zai ba na'urar bolt ɗin da take nema ba sai da wata igiyar ta musamman.

Batirin mota shi ne shawara ta biyu, kuma ta fi haɗari. An ƙera shi ne ya ba da wuta mai yawa na 'yan daƙiƙu ya tada inji, sannan mota ta mayar masa nan take. Zuƙe shi a hankali dare guda yana rage masa kwana, kuma idan aka yi rashin sa'a ka wayi gari ka yi barci mai daɗi amma mota ta ƙi tashi, a wurin da babu mai tura ka. Barin injin mota ko janareto yana aiki kusa da tanti kuwa, wannan ba maganar batir ba ce, maganar rai ce. Hayaƙinsu yana ɗauke da iskar guba marar wari marar launi, na'urar kuma duk iskar da ta samu kusa ita take ɗura maka.

Idan mota za ta kai ka har inda za ka kafa tanti, batirin dalma irin na sola yana aiki. Mai 100 Ah a bolt 12 yana ɗauke da 1,200 Wh a rubuce, amma rabi ake so ka ci ka tsaya idan kana son ya daɗe, kuma nauyinsa ya kusa kilo talatin. Na taɓa ɗaukar irinsa daga but zuwa gindin bishiya, bayana bai yafe mini ba har mako. Na litiyam da ake rubuta wa LiFePO4, mai wannan girman, bai kai rabin nauyin ba, kana iya cinye kusan duk abin da ke cikinsa, kuma yana jure caji sau dubbai. Rauninsa sanyi: ba a yi masa caji idan sanyi ya kai ruwa na daskarewa, yin hakan lalata shi yake yi. Kowane batir ma dai sanyi yana rage masa ƙarfi, shi ya sa nawa ba ya kwana a ƙasa tsirara, nakan shimfiɗa masa riga. Da rana kuma ba na barin sa cikin rufaffiyar mota ko tantin da rana ta gasa.

Daga baya na ƙara da faifan sola mai naɗewa, wat 100 a rubuce. Ban taɓa ganin ya ba da ɗarin ba. Da tsakar rana, idan na karkata shi ya fuskanci rana sosai, yakan ba ni sittin da wani abu, wanda ke nufin cikin awa biyu ya biya bashin daren jiya. Abin da ya ba ni mamaki shi ne inuwa. Reshe ɗaya ya gitta a kan kusurwar faifan, sai ka ga lambar ta faɗo warwas, domin ƙwayoyinsa a jere aka haɗa su, ɗaya ya rage gudu duk sun rage. Haka nake yini ina jan sa daga wuri zuwa wuri ina bin rana, ƙanena yana mini dariya wai na samu jariri. Ban taɓa sa sola cikin lissafin kwanakina ba dai. Idan kwana uku zan yi, batirin kwana uku nake ɗauka, abin da rana ta bayar ƙari ne, don hadari ba ya sanarwa.

Mai niyyar hawa jirgin sama kafin ya isa wurin zangonsa, ya sani akwatin batir irin nawa ba zai shiga ba. Ƙa'idar da kamfanonin jirage ke bi ita ce batirin litiyam da bai wuce 100 Wh ba yana shiga a jakar hannu, daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfanin, abin da ya haura haka ba a ɗauka. Shi ya sa za ka ga batiran da aka yi musamman don CPAP da yawansu sun tsaya ƙasa kaɗan da ɗari. Da hita a kashe, ɗaya yana iya kai ka har safe.

Sauran ƙananan abubuwa ne da mutum ke koya da kansa. Matatar iska takan yi baƙi cikin kwana biyu a daji, saboda haka ina tafiya da guda biyu a ajiye. Ba na kafa tanti ta inda iska ke kaɗo hayaƙin wutar da muka hura. Da rana ina rufe na'urar da tiyo cikin jakarsu, tun ranar da na tarar da tururuwa sun yi layi zuwa tankin ruwa. Kuma babu mai cajin waya a akwatina sai da safe, bayan na ga abin da ya rage. Wannan dokar ta jawo mini suna iri-iri.

Watan jiya muka koma bakin tafkin nan, ni da ƙanena, wuri ɗaya, gindin bishiya ɗaya. Kafin mu kwanta ya tsaya a kaina da tocila yana kallo ina kashe hita, ina kashe ɗumin tiyo, ina duba ko tsarin tsimin nan bai koma da kansa ba.

Ya ce, "Yaya, ka tabbata?"

Na ce, "Kwanta kawai."

Duk da haka na gan shi yana cusa auduga a kunne. Safiya ta uku akwatin yana kan kashi 19, hancina a bushe kamar kullum, shi kuma ya nemi in ba shi ragowar ya yi cajin wayarsa. Na ba shi.